Kaset Mai Giɓi

Masu cika min akwatin saƙo da "wai ina aka kwana da maganar Darakta?", ku sassauta min, ga ni. Tun ɗazu nake buɗe wayar nan in rubuta layi ɗaya in goge. Jibi Asabar iyayensa za su zo gidanmu neman aurena, kuma a yadda nake zaunen nan a bakin gado, ban san ko za a buɗe musu ƙofa ba. Wanda bai san mu ba ma ya matso kusa, zan faro masa daga tushe.

Babana mai gyaran rediyo ne, watansa takwas da rasuwa. Shagonsa ɗan mitsitsi ne a bakin titi, tsakanin mai guga da mai sayar da fenti, in mutum biyu suka shiga sai na ukun ya tsaya a waje. Ni ce autarsa, ni ce kuma mai kai masa shayi a fulas tun ina 'yar firamare. Yana da wata ɗabi'a a aikinsa. Duk rediyo mai kaset da ya gyara, ba ya miƙa wa mai shi sai ya gwada ko yana ɗaukar murya. Da kaset ɗaya tal yake gwajin, wani tsoho baƙi wanda takardar jikinsa ta koma ruwan ƙasa. A saman kowane kaset akwai 'yan haƙora biyu na roba, shi kuwa wannan ɗaya ya ɓalle, shi ya sa muke kiran sa Mai Giɓi. Sai ya zura shi, ya danna jan maɓalli, ya yi gyaran murya ya ce:

"Gwaji, gwaji. Kina ji na? Ga ni nan, na kusa tasowa."

Kullum haka, ba ragi ba ƙari. Da Umma yake, alhali tana can gida tana fama da wanki.

"Baba, ai ba ta jin ka," in ce masa.

"Ke dai zuba min shayi," in ji shi.

A shagon nan na fara ganin Darakta, shekara biyu da suka wuce. Ni na laƙaba masa sunan don tsokana, ya kuwa bi shi har gidansu. Dogo ne siriri, da tabarau da wata jaka da ba ya rabuwa da ita, ya zo neman tsofaffin rediyo wai zai yi fim ɗin ban tsoro. Mutumin nan in ka bar shi sai ya wuni yana ba ka labarin finafinan da rediyo ke kunna kansa babu batir, da waɗanda ake jin muryar mamaci a cikin shuuu ɗin da ke tsakanin tasha da tasha, da wanda rediyon ke karanta sanarwar rasuwar mutum alhali mutumin na zaune yana sauraro. Ya ce rediyo ya fi talabijin ban tsoro, don murya ce babu fuska, kai za ka zana mata fuska da kanka, kuma ba wanda ya kai ka sanin abin da kake tsoro.

Baba ya saurare shi tsaf, yana liƙa wata waya, sannan ya ce, "Yaro, shekara talatin ina buɗe cikinsu, ban taɓa samun aljani ba, sai kyankyasai."

Daga ranar suka ƙulla. Baba ya sa masa Mai Dodanni, ya riƙa ajiye masa kujera. Ni kuwa sai ga shi shayin da nake kaiwa sau ɗaya ya koma sau biyu, kuma na fara goge mayafi kafin in fita. Baba yana gani, bai taɓa cewa uffan ba, sai dai ya ce, "Auta, yau shayin ya yi sukari da yawa."

Da Baba ya rasu, maganarmu ta koma hannun Baffa, yayansa. Baffa kuwa da jin sana'ar ya ɗaure fuska: "Fim? Fim ɗin ma na aljanu?" Umma ce ta tsaya mana, ita da ba ta iya doguwar magana ba. Ta ce, "Yaya, mahaifinta ya so yaron." Da wannan jimlar kaɗai aka samu Baffa ya sa ranar Asabar ɗin nan, yana yi yana tsaki.

To, ga inda nawa laifin yake, ku riƙe shi. Wata biyu bayan rasuwar, mai shagon ya nemi wurinsa, muka kwashe kayan Baba a kwalaye. Darakta ne ya kawo mota ya taya ni. A kan teburin aiki akwai wani babban rediyo ruwan azurfa mai tsagaggen mariƙi, wanda mai shi bai taɓa dawowa nema ba. Ya ce yana so don fim ɗinsa, na ce ɗauka. Ban buɗe ƙofar kaset ɗin na duba ba. Sau ɗaya Umma ta tambaye ni, "Auta, ina Mai Giɓi?" Na ce yana cikin kwalaye. Ta gyaɗa kai. Wata da watanni ta kasa shiga ɗakin da muka jibge su, ƙamshin shagon ne a ciki.

Ranar Litinin bayan la'asar muna falo, Umma a kan darduma da tire a cinya tana tsince shinkafa, ni a kan doguwar kujera ina yanke farce, sai saƙon Darakta ya shigo, haɗe da bidiyo:

"Tallan fim ɗin ya fita yanzun nan. Ki sa abin kunne ki kalla ke kaɗai. Akwai kyautarki a ciki."

Ni kuwa uwar rawar kai, ina ni ina abin kunne? Na sauko na zauna kusa da ita, na ƙure ƙara.

"Umma, zo ki ga aikin surukinki."

"Allah ya shirye ki," ta ce, amma ta leƙo.

Aka nuno wata mata da mijinta ya mutu, ita kaɗai a gida. Aka nuno rediyon nan ruwan azurfa a kan tebur, ta cire batir ɗin ta jefar, ta juya za ta fita. Sai fitilar jikinsa ta kawo da kanta. Shuuu. Sannan murya ta fito, an ja ta, an yi mata kauri, an sa mata amo kamar daga cikin rijiya:

"Kina ji na? Ga ni nan... na kusa tasowa."

Ko da an niƙa muryar nan an tankaɗe, zan gane ta. Har ɗan gyaran muryar da yake yi kafin ya fara, sun bar shi. Matar cikin fim ta ƙwalla ihu, tiren Umma ya karkace, shinkafa ta watse a kan darduma. Umma ta ajiye tiren. Ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ni na zauna ina tsince shinkafar ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kanta, don ban san wani abin da zan yi ba.

Kafin gari ya waye tallan ya shiga guruf ɗin dangi. Ranar Talata da hantsi Baffa ya zo, ko zama bai yi ba.

"Kin ji abin da yara ke yi a bakin layinku?" ya ce da ni. "Suna bin juna da gudu suna 'kina ji naaa'. Ƙanina. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, shi aka mayar dodon tsorata yara."

Na so in kare Darakta, wallahi na buɗe baki, amma me zan ce? Karo na farko a rayuwata da na ga Baffa ya fi ni gaskiya. Idonsa ma ya kaɗa, ashe shi ma yana da hawaye.

"Babu wata Asabar," ya ce. "A kira su a faɗa musu."

Umma ta fito daga ɗaki da carbi a hannu. "Yaya, a ba ni kwana biyu."

"Kwana biyun me kuma?"

"A dai ba ni."

Ya kaɗa riga ya fita. Wayata kuwa kira goma sha huɗu, saƙo ba adadi. "Don Allah ki ɗauka." "Na sauke tallan." "Ban yi da mugun nufi ba." "Ko zagi ne ki turo, in san kina nan." Ban turo ba. Zagin ma ai alfarma ce.

Jiya Laraba da safe na nemi wayata na rasa. Na duba ƙarƙashin filo, na duba wurin caji, sai na jiyo ihun matar nan ta cikin fim daga kicin, ƙasa-ƙasa. Na leƙa ta tagar. Umma ce zaune a kan 'yar kujera, ruwan shayi na tafasa yana zuba ba ta sani ba. Ta rufe fuskar wayar da tafin hannunta don kada ta ga hoton, ta kara ta a kunne, idonta a rufe. Ba ta iya mayar da bidiyo baya ba, don haka sai ta jure kiɗan tsoron da ƙarar ƙofofi tun daga farko, har a zo wurin 'yan kalmomin nan. In ya ce "Kina ji na?" sai in ga leɓenta ya motsa. Ina tsaye ta maimaita sau uku.

Sai a lokacin na tuna ba mu da muryar Baba ko ta minti ɗaya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa mutane abin sauraro, wayarsa mai maɓalli ce, bai taɓa tura wa kowa saƙon murya ba. Wata takwas Umma ba ta ji shi ba, sai a bakin dodo.

Na zura wata doguwar riga ruwan toka ko guga babu, na yafa mayafin da hannuna ya fara kaiwa, ashe ma na Umma ne, na nufi sitidiyon Darakta. Ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani, an liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai don kada ƙarar titi ta shigo, ga kwamfuta biyu, ga wayoyi ko'ina kamar igiyar shanya. Na same shi da rigar da na san tun Litinin take jikinsa.

"Zauna," ya ce.

"Ba zama ya kawo ni ba."

"Ki saurare ni minti ɗaya. Mutum biyar na gwada a muryar nan, duk wasa suke, kana ji ka san ƙarya ce. Ran nan na buɗe rediyon na ga kaset, na kunna. Na ji mutum yana kiran matarsa da gaske. Na yi kuka a kan kujerar nan, wallahi. Na ce bari in sa shi a aikina na farko, sunansa ya fito a ƙarshe da manyan baƙaƙe. Na so in ba ki mamaki."

"Mamaki kam ka ba ni. Ka ba Umma ma."

"Na yi wauta."

"Kai da ka ce min murya babu fuska kowa zana mata tasa yake. Mu muna da fuskar, Darakta. Mu muka rufe mata ido."

Ya cire tabarau ya kifa kai a kan tebur. Ku da kuke cewa na cika taurin zuciya, ku sani saura kaɗan in dafa kafaɗarsa. Ina son mutumin nan, haushinsa da son nasa duk a wuri ɗaya suke zaune, ban san yadda ake raba su ba.

"Ba ni kaset ɗin," na ce.

Ya ɗago a hankali.

"A ƙarshen fim ɗin matar tana ƙona rediyon," ya ce. "Na so a ga kaset ɗin yana narkewa a kusa. Sau ɗaya ake ɗaukar irin wannan."

Ya jawo durowa ya fito da wani gwangwanin madara. A ciki akwai dunƙulen baƙar roba, duk ta tattare, da 'yan ƙananan kusoshi biyu a maƙale. Mai Giɓi ke nan, wanda na tashi ina gani a aljihun gaban rigar Baba.

"Amma babu abin da ya ɓata," ya yi saurin cewa. "Kafin a ƙona na kwashe shi tas a kwamfuta, ban taɓa masa komai ba. Minti talatin cif, na zauna a kansa har ya tsaya da kansa. Ga shi na tura miki. Kuma zan cire muryar daga fim ɗin, ko da zan sake aikin daga farko."

Na naɗe dunƙulen a hankici na jefa a jaka. A hanya na riƙa lallashin kaina: roba ce ta ƙone, muryar tana nan. Har na ji ɗan sauƙi, ku ji fa.

Yau da safe bayan mun karya, na ce, "Umma, zauna ki ji wani abu." Na sa wayar a cikin kwanon silba don ƙarar ta fito sosai, na ajiye a tsakaninmu.

"Gwaji, gwaji."

Muryarsa ce tsaf, babu rijiya babu dodo. Da yake a kan na jiya yake ɗora na yau, duk abin a yayyanke yake, shekaru sun hau kan juna. Nan muryarsa da ƙarfi, can ta soma shaƙewa da tarin da ya tafi da shi. Ana jin hon ɗin motoci, ana jin mai guga yana rigima da wani a kan wando. A wani wurin sai ga wata 'yar siririyar murya: "Baba, ga shayi, da zafi fa." Ni ce, ban fi shekara bakwai ba. Umma ta yi dariya har da riƙe ciki, dariyar ta juye kuka, kukan ya sake komawa dariya. Duk sanda ya ce "Kina ji na?" sai ta ce, "Ina ji." A fili take faɗa yanzu, ba ta ko jin kunyata.

Minti talatin suka cika, aka ji ƙas, ya tsaya. Umma ta share fuska da gefen zani, ta gyara zama.

"To, juya."

"Na'am?"

"Juya shi mana. Ɗaya gefen."

Na kalle ta. Ni da na girma a shagon nan, ban taɓa ganin Baba ya juya kaset ɗin ba, ban kuma taɓa tambayar dalili ba.

"Wannan ai gefen aikinsa ne," ta ce. "Ɗayan nawa ne. Ba ki sani ba ko? Watanmu uku da aure ya tafi wani gari koyon gyaran nan, ya yi wata tara. Ni lokacin ban iya karatu ba, kuma ya ce ba zai rubuto wasiƙa wani ƙato ya karanta min ba. Sai ya aiko min da kaset ta hannun direba. Na ari rediyon maƙwabta, na kulle ɗaki." Ta yi murmushi tana kallon ƙasa, kamar wata amarya. "Da 'kina ji na' ya fara. Har waƙa ya yi min, Babanki da ba shi da murya. Da ya dawo ya ɓalle haƙorin gefen da wuƙa, ya ce ko da kuskure ba mai iya ɗaukar wani abu a kai. Giɓin da kuke yi wa dariya ke nan."

"Kina... kina sauraro har yanzu?"

"Duk shekara yakan kawo shi gida sau ɗaya, in kun tafi makaranta. Bara ne kawai ciwo ya hana." Ta kama hannuna. "Auta, na yi tunani kwana biyun nan. Yaron nan ya yi wauta, amma ba mugu ba ne, kuma ba don shi ba da yanzu ban ji wannan ba. Na yafe masa. Ki ce gobe ya kawo min kaset ɗina da hannunsa. Yana miƙo min zan kira Baffanki da kaina, su zo Asabar ɗinsu."

Na ce to. Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan, to.

Na shigo ɗaki na rufe ƙofa, na rubuta wa Darakta: "Da ka kwashe kaset ɗin, ka juya shi?"

Ya gani nan take. Aka nuna yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Juyawa kamar yaya?"

Shi ke nan saƙon, ban ba shi amsa ba. Jakar tana nan kusa da ƙafata da hankicin a ciki. Ta bangon nan ina jiyo Umma. Ta shiga ɗakin kwalayen da ta kasa shiga wata shida, ta fito da ƙaramin rediyon Baba, tana goge shi, tana gwada batir ɗaya bayan ɗaya. Har wani ɗan amo take yi a maƙogwaro, wata waƙa da ban taɓa ji ba.

Yanzun nan ta ƙwanƙwasa.

"Auta, ya ce ƙarfe nawa zai zo?"